Ƙwarin da ke taya mu yaƙi da ƙuda

1. A bakin turke

Damina ta sauka. Ciyawa ta fito, bisashe sun ƙoshi, nono ya yawaita. Amma tare da damina akwai baƙon da ke zuwa ba da gayyata ba, shi ne ƙuda.

Wata rana da safe muka tafi da ƴan ajinmu gidan wani dattijo a bakin gari. Yana da shanu huɗu da raguna biyu na turke. Mun iske matarsa tana tatsar saniya. Saniyar ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Tana buga ƙafa, tana kaɗa wutsiya, har ta kusa kifar da ƙwaryar nono.

Bayan gaisuwa, dattijon ya ce: "Malam, ƙudan bana sun fi ƙarfina. Sau biyu na sayo magani a kasuwa na fesa. Ranar farko su faɗi kamar ruwa. Bayan kwana uku sai ka ce ban yi komi ba."

Na ce: "Baba, daga ina suke fitowa?"

Ya ce: "Ai damina ke kawo su."

Na ce: "Baba, in ka yarda, yaran nan za su nuna maka inda ake haihuwarsu."

Yara suka ɗauki kara. Suka tona kashin shanu mai danshi da ke gindin kwamin ruwa, inda ya gauraya da ragowar harawa. Sai ga tsutsotsi farare suna motsi. Suka tona gefe, inda ƙasa ta fara bushewa. Sai ga wasu ƴan abubuwa ja-ja masu duhu, kamar kashin ɓera, birjik.

Dattijon ya riƙe baki. Ya ce: "Ashe ni ke kiwonsu!"

2. Yadda ƙuda ke rayuwa

Ƙuda yana bin matakai huɗu a rayuwarsa: ƙwai, tsutsa, kwanso, sannan ƙuda mai fiffike.

Macen ƙuda tana neman wuri mai danshi da ɗumi: kashin bisashe, juji, ragowar abinci. Nan take zuba ƙwai. Ƙwan fari ne, tsawonsa kamar milimetir 1. Zubi ɗaya tana yin wajen 100. A tsawon rayuwarta tana iya yin 500.

Kafin kwana ɗaya ya cika, ƙwai ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito. Ba ta da ƙafa, ba ta da ido. Aikinta ci kawai. Cikin kwana 4 ko 5 ta girma, ta kai wajen santimetir 1.

Daga nan sai ta bar wurin danshi, ta nemi wuri mai ɗan bushewa. Fatarta ta ƙandare, ta zama kwanso. Shi ne abin nan mai kama da kashin ɓera da yara suka tono. Cikin kwanso jikinta yake sakewa. Bayan kwana 3 zuwa 6 sabon ƙuda ya ture murfin kwanso ya fito.

Lokacin zafi, daga ƙwai zuwa ƙuda kwana 7 ne zuwa 10. Ku riƙe wannan adadi, za mu komo kansa.

Yanzu kun gane abin da ya sami dattijon nan. Maganinsa ya kashe ƙudan da ke tashi. Amma dubbai suna kwance cikin kashi da ƙasa, suna jiran ranar fitowarsu.

3. Ɓarnar ƙuda

Ƙuda iri-iri ne. Uku daga cikinsu sun fi damunmu.

Na farko ƙudan gida. Ba ya cizo. Bakinsa kamar soso yake, lasa yake yi. Ya sauka bisa ƙazanta, ya tashi, ya sauka bisa fura ko tuwo. Da ƙafafunsa da bakinsa yake kawo ƙwayoyin cuta masu sa zawo da atuni. Zawo kuwa yana kashe yara ƙanana.

Na biyu ƙudan turke. In ba ka duba da kyau ba, sai ka ce ƙudan gida ne. Amma bakinsa tsini ne da shi kamar allura, a miƙe gaba. Namiji da mace duka jini suke sha. Sun fi kama ƙafafun shanu da dawaki da jakai. Shi ya sa saniyar nan take buga ƙafa. Bisar da ƙuda ya dama ba ta kiwo sosai, ba ta hutawa. Nononta ya ragu, ragon turke ya ƙi ƙiba. Wannan ƙuda ya fi son yin ƙwai inda kashi da fitsari suka gauraya da ruɓaɓɓiyar ciyawa.

Na uku ƙudan ido, wanda ke taruwa a idon yara da hancinsu. Yana ɗaukar ciwon ido daga wani yaro zuwa wani. Akwai irin ciwon idon da in ya yi ta komowa shekara da shekaru yakan makantar da mutum. Wannan ƙuda ya fi son yin ƙwai bisa bayan gidan mutane da aka bari a fili.

4. Mataimaki na farko: buzuzu

Kun san buzuzu. Wasu suna ce masa gungura-kashi. Kun sha ganinsa da damina, kansa a ƙasa, yana tura dunƙulen kashi da ƙafafun baya. Yara sukan yi masa dariya, wasu har su taka shi. Bayan wannan darasi, ina fata ba wanda zai sake taka shi.

A Afirka akwai buzuzu iri fiye da 2000. Wani ƙarami ne kamar ƙwayar dawa, wani ya kai girman goro. Bisa ga aikinsu, an raba su gida uku.

Akwai masu gungurawa. Su ne ke yanko kashi, su dunƙula, su tura shi nesa, su binne.

Akwai masu gina rami. Waɗannan ba a cika ganinsu ba, don a ƙarƙashin kashi suke aiki. Su gina rami a ƙasa, su yi ta jan kashi zuwa ciki. Su ne suka fi kowa kwashe kashi.

Akwai masu zama ciki. Su cikin kashin suke ci, nan kuma suke yin ƙwai.

Don mi buzuzu ke wannan wahala? Don ƴaƴansa. Mace tana sa ƙwai ɗaya cikin kowane dunƙule. In ɗan ya fito, ya iske abincinsa a shirye.

To, ina ruwan wannan da ƙuda? Tsutsar ƙuda tana bukatar kashi mai danshi na kwana 4 ko 5. In buzuzu sun yi yawa, cikin kwana ɗaya ko biyu sun binne rabin kashi, sun huda sauran, iska da rana sun busar da shi. Tsutsa ta rasa abinci, ta mutu.

Akwai wani abin kuma. In ka juya buzuzu ka duba cikinsa, sau da yawa za ka ga wasu ƴan mitsi-mitsin halittu manne da shi. Dangin kaska ne, amma ba sa kama bisashe. Buzuzu ne motarsu. In ya sauka bisa sabon kashi, su sauka su ma, su shiga neman ƙwan ƙuda da ƙananan tsutsotsi su cinye.

Manomi ma yana cin ribar buzuzu. Kashin da ya binne taki ne a gindin shuka. Ramukansa kuma suna sa ruwan sama ya shiga ƙasa maimakon ya gudu.

5. Labarin wata ƙasa da ba ta da buzuzun shanu

Mu da muka tashi tare da buzuzu ba mu san darajarsa ba. Bari mu ga abin da ya sami waɗanda ba su da shi.

Can nesa, kudu maso gabas da mu, bayan teku, akwai wata babbar ƙasa da ake kira Ostaraliya. Ku neme ta a taswirar duniya. A da babu shanu a wannan ƙasa ko ɗaya. Turawan Ingila ne suka kai shanun farko a jirgin ruwa a shekarar 1788. Shanu suka yi ta haihuwa har suka zama miliyoyi.

Ostaraliya tana da nata buzuzu. Amma sun saba da kashin naman dajin ƙasarsu, kamar kangaru, wata dabba mai tsalle da ke ɗaukar ɗanta cikin aljihun cikinta. Kashin kangaru busasshe ne, ƙanana, kusan kamar na awaki. Yawancin buzuzun can ba su iya da kashin saniya mai ruwa-ruwa ba.

Saniya ɗaya tana yin kashi wajen sau 10 zuwa 12 a rana. Ba mai kwashewa. Kashi ya yi watanni a fili, ya rufe ciyawa, makiyaya ta ragu. Ƙuda kuwa ya sami gida. Ya yi yawa har mutane ba sa iya cin abinci a waje cikin kwanciyar rai.

Wani masanin ƙwari, George Bornemissza, wanda asalinsa mutumin Hangari ne a Turai, ya lura da wannan. A ƙasarsu kashin shanu ba ya daɗewa a fili. Ya ce maganin abin shi ne a kawo buzuzu daga ƙasashen da suka saba da shanu. Aka fara aikin a 1965. Aka buɗe wurin bincike a Afirka ta Kudu don a zaɓi irin da suka dace.

Aiki ne mai wuya. Suna tsoron kada su shigo da cutar bisashe tare da ƙwarin. Saboda haka ƙwai kawai suke ɗauka, su wanke shi da magani. A Ostaraliya ma'aikata su dunƙula kashin shanu da hannu, su sa ƙwai ɗaya cikin kowane dunƙule, kamar yadda uwar take yi.

A 1968 aka saki na farko, wani buzuzu ɗan asalin Afirka. Kafin a rufe aikin a 1985, an saki iri 43, daga Afirka da kudancin Turai da wasu wurare. Iri 23 suka zauna suka yaɗu. A wurare da yawa kashi ya daina taruwa, ƙuda ya ragu, ciyawa ta sami fili.

Ku duba: abin da wata ƙasa ta yi shekara 20 tana nema da kuɗi da ilimi, mu muna da shi kyauta a bayan gidanmu.

6. Mataimaki na biyu: zanzaron ƙuda

Kun san zanzaro mai gina ɗakin laka a jikin bango. In kun fasa ɗakinsa za ku iske tsutsotsi ko gizo-gizo a ciki. Abincin ƴaƴansa ne ya tara.

Zanzaro yana da dangi da yawa. Akwai wasu ƙanana ƙwarai, baƙaƙe, tsawonsu milimetir 2 ko 3, kamar ƙaramar tururuwa mai fiffike. A darasin nan za mu kira su zanzaron ƙuda. Masana suna kiran wani irinsu Spalangia, wani kuma Muscidifurax. Ba sa harbin mutum, ba sa harbin bisa, ba sa sauka bisa abinci. Abu ɗaya suke nema: kwanson ƙuda.

Macen tana yawo bisa kashi da ƙasa, har takan kutsa ciki. In ta sami kwanso, sai ta huda shi da wani siririn tsinke da ke bayanta, ta sa ƙwanta a ciki. Ɗanta ya ƙyanƙyashe, ya cinye ƙudan da ke kwance. Bayan wajen sati uku, maimakon ƙuda, sai sabon zanzaro ya fito. Uwar ma takan huda wasu kwansuna don ta sha ruwan ciki, su ma su mutu.

A Amurka da Turai akwai gidajen da ke kiwon wannan zanzaro don sayarwa. Masu shanun nono da masu dawaki su saya, su watsa a garkensu lokacin zafi. Irinsa yana nan a Afirka, yana aikinsa ba mu sani ba.

Mu ma a Nijar mun san irin wannan dabara, a wajen noma. Akwai tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, wadda manoma ke kira murzuna. Wani ƙaramin zanzaro mai suna Habrobracon ne maƙiyinta. Ma'aikatan INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa da aka kafa a 1975, sun yi kiwonsa a Maraɗi. Tun shekarun 2000 aka fara raba shi ga manoma cikin ƴan ƙananan buhuna, a rataye kusa da gonaki, ya fita ya nemi murzuna. Ku tambayi iyayenku ko an taɓa kawo shi garinku.

7. Sauran mataimaka

Tururuwa tana kwashe ƙwan ƙuda da tsutsotsi. Akwai wasu ƙananan ƙwari baƙaƙe masu ƙyalli da ke zama cikin kashi suna farautar tsutsa. Gizo-gizo yana kama ƙuda da saƙarsa. Da rani, in kashi ya bushe, gara ke cinye shi.

Akwai kuma waɗanda ba ƙwari ba ne. Kaji da zabi suna tona kashi su tsince tsutsa. Ƙadangare yana kama ƙuda a bango. Balbela tana bin shanu tana cin ƙwarin da suka tayar.

8. Abin da ke kashe mataimakanmu

Maganin feshi bai san aboki ba, bai san maƙiyi ba. In an fesa shi bisa kashi da juji, buzuzu da zanzaro su mutu tare da ƙuda. Amma wa zai riga komowa? Ƙuda kwana 7 zuwa 10 yake bukata. Zanzaro sati uku. Buzuzu ya fi haka. Ƙuda ya komo ya iske fili ba mai hana shi. Ban da haka, in ana yawan fesa magani iri ɗaya, ƙudan da suka tsira su haifi ƴaƴa masu jure masa. A ƙarshe kuɗi ya tafi, ƙuda yana nan.

Akwai kuma wata allurar tsutsar ciki da kaska da ake yi wa bisashe, mai suna ibamektin. Magani ne mai amfani. Amma ragowarsa tana fita cikin kashin bisa har kwanaki, ta kashe ƴaƴan buzuzu. Don haka kada a yi ta barkatai. A nemi shawarar ma'aikacin kiwo, a yi wa bisar da ke bukata, a lokacin da ya dace.

9. Namu aikin

Kada mu ce tun da muna da mataimaka sai mu naɗe hannu. Buzuzu ya fi aiki a makiyaya da gona, kuma da damina. A turke na cikin gida kashi yana taruwa wuri ɗaya, ya fi ƙarfinsa. Zanzaro kuma ba ya taɓa ƙuda mai tashi. Sauran aiki namu ne.

Na ɗaya, a kwashe kashin turke kafin kwana 7 su cika. Sau biyu a sati ya fi. Ta haka tsutsa ba za ta kai ga zama ƙuda ba.

Na biyu, a kai shi gona a baza shi da faɗi ya bushe, buzuzu ya binne. Ko kuwa a zuba shi ramin taki nesa da ɗaki, a rufe da ƙasa. Zafin da ke tashi cikin ramin yana kashe tsutsa.

Na uku, a hana danshi. A gyara kwamin ruwa in yana yoyo. A zuba yashi inda fitsari ke taruwa. Kada a bar ragowar harawa da dusa su ruɓe a ƙasa.

Na huɗu, a bar kaji da zabi su shiga turke su tona.

Na biyar, kowane gida ya yi salanga mai murfi. A rufe abinci da nono. A wanke wa yara fuska kullum, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.

Na shida, a yi aikin tare. Ƙuda bai san danga ba. In gida ɗaya ya share, na kusa bai share ba, ƙuda yana nan. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Da za mu tafi, dattijon ya ce: "Malam, ka bar mini yara biyu su taya ni kwasa." Aka bar masa biyar. Kafin azahar sun kai amalanke ɗaya gona.

Mu gwada

1. Ku tsinto kwanson ƙuda 30 da kara da cokali. Ku sa cikin butali mai haske, ku rufe bakinsa da ƙyalle mai kauri, ku ɗaure. Ku ajiye a inuwa. Kowace safiya ku rubuta ƙuda nawa suka fito. Waɗanda ba su buɗe ba, ku bar su har sati huɗu. Ku duba kwansunan: wanda ƙuda ya fito, kansa ne ya ɓalle kamar murfi. Wanda zanzaro ya fito, ƴar ƙaramar huda ce da shi, zagayayya.

2. Da damina, ku sami sabon kashin saniya, ku raba shi biyu daidai. Ku aza ɗaya bisa ƙasa, ɗaya bisa guntun kwano. Bayan kwana biyu ku kwatanta su. Ku ɗaga na ƙasa, ku ƙirga ramukan da ke ƙarƙashinsa.

Bayan kowane aiki ku wanke hannu da ruwa da sabulu.

Tambayoyi

1. Faɗi matakai huɗu na rayuwar ƙuda.
2. Mine ne bambancin ƙudan gida da ƙudan turke?
3. Ta wace hanya buzuzu ke rage ƙuda?
4. Don mi buzuzun Ostaraliya suka kasa kwashe kashin shanu?
5. Ina zanzaron ƙuda ke sa ƙwansa?
6. Don mi aka ce a kwashe kashi kafin kwana 7?

Lissafi

Macen ƙuda ɗaya ta yi ƙwai 500. A ce duka sun rayu, rabinsu mata ne. Kowace kuma ta yi ƙwai 500. Ƙwai nawa ke nan? In mataimakanmu sun cinye 9 cikin kowane 10, nawa suka rage?

Aikin gida

Ka tambayi wani tsoho ko wata tsohuwa a unguwarku sunayen buzuzu da suka sani, da lokacin da ake fara ganinsu. Ka rubuta layi biyar, ka zana buzuzu ɗaya da ƙafafunsa shida.

Mu riƙe

Ana haihuwar ƙuda cikin kashi mai danshi. Buzuzu yana binne kashi, zanzaron ƙuda yana kashe kwanso. Mu kiyaye su, kada mu fesa magani bisa taki. Mu kwashe kashin turke kowane sati.